Okid mai geza na filayen ciyawar Amurka da Kanada: yadda ake gane shi, inda yake fitowa, da yadda ake kula da shi

A tsakiyar Arewacin Amurka, daga kudancin Manitoba ta Kanada har zuwa Oklahoma, a da akwai shimfiɗaɗɗen filin doguwar ciyawa da ya kai kusan eka miliyan 170. Yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawan saura garma ta cinye, an mayar da shi gonakin masara da waken suya da alkama. A cikin ɗan guntun da ya tsira ne ake samun wani fure mai suna Platanthera praeclara, ɗan gidan okid (wani babban dangin furanni), fari mai geza a leɓe. Ganin sa da ido ba ya wuce mako uku a shekara, kuma rayuwarsa ta rataya ne a kan abubuwa uku da mai wucewa ba ya lura da su: zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa, wani ƙwaro mai yawon dare, da fumfunar da ke cikin ƙasa. Wanda zai nemo shi, ko ya ƙirga shi, ko ya kula da filin da yake, dole ya riƙe waɗannan ukun a ka.

Fara da kalanda

Mafi yawan masu dawowa hannu rabbana ba wurin suka ɓata ba, lokacin suka kuskure. Tsiron yana ɓullo kai a Afrilu zuwa Mayu, amma a lokacin ganye ne kawai cikin tekun ganye. Fure yana buɗewa daga tsakiyar Yuni a jihohin kudu irin su Kansas da Misuri, a arewa kuwa, wato Minesota da Dakota ta Arewa da Manitoba, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Furanni na buɗewa daga ƙasan zangarniya zuwa sama, kowane ɗaya yana yin kwana 10 ko ƙasa da haka. Idan bazarar can ta yi sanyi, komai na iya jinkirta da mako guda ko fiye. Don haka kafin ka ɗaura niyya, tuntuɓi ofishin da ke kula da filin ka tambaya ko fure ya fara.

Yamma ta fi rana tsaka. Da rana farin furen yana ɓacewa cikin ƙyallin ciyawa, amma da la'asar sakaliya, idan ka juya wa rana baya, zangarniyar tana fitowa fili daga nesa. Ƙanshinsa ma sai magariba ta gabato yake tashi sosai.

Inda za ka duba

Manyan matattararsa uku ne, kuma dukkansu suna yankin da wani tsohon tafkin ƙanƙara mai suna Agassiz ya taɓa mamayewa dubban shekaru da suka wuce. Na farko gandun doguwar ciyawa na Manitoba da aka kafa a 1989 kusa da garuruwan Vita da Gardenton da Tolstoi, kudu maso gabas da Winnipeg. Nan ne kaɗai yake fitowa a duk Kanada, kuma nan ne ya fi yawa a duniya. Na biyu gandun kiwo na Sheyenne a kudu maso gabashin Dakota ta Arewa, mai faɗin kusan eka 70,000, wanda hukumar gandun daji ta Amurka ke riƙe da shi. Na uku arewa maso yammacin Minesota, musamman gundumar Polk. Akwai ƙananan gungu a Nebraska da Ayowa da Kansas da Misuri. A Dakota ta Kudu da Oklahoma kuwa an daɗe ba a gan shi ba.

A cikin filin ma ba ko'ina yake ba. Wurinsa shi ne abin da Bahaushe zai kira bakin fadama: inda ruwa ke kwanciya bayan narkewar dusar ƙanƙara, sannan ya janye ya bar ƙasa da laima har tsakiyar shekara. Tudu ya yi masa bushewa, tsakiyar kududdufi ya yi masa ruwa. Yana son ƙasa mai sinadarin kalshiyam, ko yashi ko laka, wadda garma ba ta taɓa shiga ba, kuma yana son rana tsantsa. A Sheyenne, inda ƙasar take tudu da kwari na yashi, za ka same shi a kwaruruka, sau da yawa ya yi zobe a gefen kwarin daidai inda ruwa ya tsaya a shekarar.

Ciyayin da ke kewaye su ne jagoranka. Nemi inda ciyayin ruwa na dangin Carex, masu kara mai kusurwa uku irin na aya-aya, suka haɗu da Juncus balticus da Calamagrostis stricta. Daga gefen tudu za ka ga Andropogon gerardii, babbar ciyawar filin, wadda 'yar'uwar gamba ce ta jini, jinsinsu ɗaya. Tsakanin waɗannan biyu ne layin nemanka. Idan ka tsinci kanka cikin kacalla ko ruwa ya wuce ƙwauri, ka yi nisa, koma baya. Kada ka raina magudanar bakin titi. A Manitoba da Dakota ana samun sa a can, domin irin yana faɗowa daga filin da ke maƙwabtaka.

Kayan aiki kaɗan ne: takalmin roba mai tsawo, rula mai milimita, gilashin ƙara girma mai ninki 10, waya ko na'urar GPS, kyamara, littafi da fensir. Sa dogon wando ka cusa ƙafarsa cikin safa saboda kaska, ga kuma sauro da ba ya wasa a irin wannan wuri. Filin hukuma na iya buƙatar takardar izini idan bincike za ka yi. Filin mutum kuwa sai da yardar mai shi.

Gane shi, daga ƙasa zuwa sama

Tsaya taku ɗaya daga jikinsa, ka duba ƙasa kafin ka durƙusa, domin kusa da kowane mai fure akwai ƙananan da ba su yi fure ba, kuma su ne gwiwa ke murƙushewa.

Kara guda ne, a miƙe, santsi ba gashi, tsayinsa yawanci daga santimita 40 zuwa 85, wani lokaci ya zarce mita ɗaya. Ganye biyu zuwa biyar ne manya, dogaye masu tsini, masu ɗan kauri, sun rungume karan daga gindi, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya ba a jere biyu-biyu ba. Jijiyoyin ganyen a miƙe suke, kuma a bayansa akwai ƙashin baya da yatsa ke ji. Suna ƙanƙancewa yayin da ake hawa sama.

Zangarniyar gajera ce mai faɗi, tana ɗauke da furanni daga 'yan kaɗan har zuwa ashirin da wani abu, launin fari mai ɗan ruwan madara. A kowane fure duba abu huɗu.

Leɓe, wato babban ganyen furen da ke ƙasa. Ya rabu gida uku sarai, kowane gida kamar mafici, kuma bakin kowanne ya tsattsage ya zama geza. Idan leɓen bai rabu uku ba, ba shi ba ne.

Murfi. Ganyen fure biyu na sama da ɗan ganyen baya sun haɗu sun yi rumfa a kan tsakiyar furen. A wannan jinsi ganyen biyun masu faɗin baki ne, da ɗan tsage-tsage a gefe.

Bututu. Daga bayan leɓen wani siririn bututu ya zubo ƙasa, mai ɗan lanƙwasa, ruwan zaƙi na taruwa a ƙarshensa. Tsawonsa milimita 36 zuwa 55, kuma babu wani ɗan'uwansa a arewacin nahiyar da ke da kamarsa. Idan ka sa furen tsakaninka da hasken yamma, sau da yawa za ka ga iyakar ruwan a cikin bututun. Kada ka rikita shi da abin da ke riƙe da furen a jikin kara: wancan kore ne mai kauri a murɗe, shi ne mahaifar da za ta zama kwanson iri.

Ɗigon danƙo. Nan ne hujjar ƙarshe take, kuma nan gilashi ke aiki. Garin furen okid ba ya watsuwa kamar na masara, a dunƙule yake gida biyu, kowane dunƙule da ɗan sanda, a ƙarshen sandan kuma akwai ɗan faifai mai danƙo. Leƙa bakin bututun: za ka ga faifan biyu dama da hagu, suna fuskantar juna, tsakaninsu milimita 6 zuwa 7. Auna su da hoto kawai. Riƙe rula a gefen furen daidai da bakinsa, ka ɗauka, ka auna daga baya. In rula ko yatsa ya taɓa faifan, zai manne ya zaro dunƙulen gaba ɗaya, furen ya yi asarar garinsa.

Waɗanda ake rikitawa da shi

Babban mai ruɗi shi ne Platanthera leucophaea, ɗan'uwansa na gabas. Har zuwa 1986 ana ɗaukar su abu ɗaya, sai masanan tsirrai Charles Sheviak da Marlin Bowles suka raba su. Na gabas yana da furanni ƙanana amma sun fi yawa, zangarniyarsa doguwa ce a sake, farinsa ya fi tsantsa, bututunsa ya fi gajarta. Tsawon bututun na iya shiga juna, don haka kar ka tsaya a kansa. Faifan danƙon na gabas suna kusa da juna, milimita 3 ko ƙasa da haka, domin a harshen ƙwaro suke mannewa. Kogin Misisipi ne kusan iyakarsu, amma a Ayowa da Misuri an san duka biyun, don haka a can taswira ba ta isa hujja ba.

Platanthera lacera shi ma yana da geza, sai dai furensa ƙarami ne mai ruwan kore-kore, gezar siriri kamar zare, bututunsa bai kai rabin wannan ba. Su Spiranthes kuwa, wani jinsin okid, fararen furanninsu ƙanana ne da suka nannaɗe kara, ba geza, kuma sai Agusta zuwa Satumba suke fitowa.

Tsiron da bai yi fure ba, mai ganye ɗaya zuwa uku, ba a yanke masa hukunci daga ganye. Rubuta shi a matsayin wanda ake zato, ka sa alama, ka dawo baɗi.

Dalilin wannan siffa

Farin launi, ƙanshin dare da dogon bututu duk kira ne ga manyan malam-buɗe-littafin dare na gidan Sphingidae, masu tsayawa a iska gaban fure suna zura harshe. Ƙwaron da harshensa ya ɗan gaza bututun dole ya cusa kansa har ciki, sai idanunsa biyu su bugi faifan danƙo, ya tashi da dunƙulen gari manne a ido. Kafin ya isa wani furen sandan ya lanƙwasa, dunƙulen ya daidaita da wurin karɓa. Saboda haka ƙwaron da ya dace sai ya cika sharaɗi biyu: tsawon harshe da faɗin kai. Mai harshe da ya fi bututun tsawo yana shanye ruwan daga nesa ya tafi bai yi aikin komai ba. A Manitoba an tabbatar da Sphinx drupiferarum da Hyles gallii. A Dakota ta Arewa an kama Hyles euphorbiae ɗauke da garin, ƙwaron da aka shigo da shi daga Turai don yaƙar wata muguwar ciyawa, sai ga shi yana wa okid hidima.

Furen ba ya haɗa kansa da kansa, in ba ƙwaro ba iri. Wannan ya sa feshin maganin ƙwari a gonar da ke maƙwabtaka zai iya hana filin iri ko da ɗigo ɗaya bai taɓa okid ɗin ba. A Manitoba kason furannin da ke yin kwanso kaɗan ne ƙwarai a yawancin shekaru.

Irin kuma kamar ƙura yake, dubbai a kwanso ɗaya, babu guzurin abinci a cikinsa. Ba ya tsira sai wata fumfunar ƙasa, galibi ta dangin Ceratobasidium, ta shige shi ta ciyar da shi. Yana iya ɗaukar lokaci a ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito da ganyen farko. Shi ya sa haƙo shi a kai lambu kisa ne kawai, ko da an ɗebo shi da ƙasarsa.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mai kula da fili. Kowace shekara tsohuwar saiwar mai kauri tana ƙarewa, tsiron ya gina sabuwa da sabon toho a gefenta, kuma wannan ginin yana gudana ne bayan fure, a ƙarshen damina. Idan aka yanke ganyen da wuri, ko fari ya zo a Agusta da Satumba, furen baɗi ne aka taɓa. Bibiyar da aka yi a Sheyenne ta nuna yawancin tsirran ba sa wuce shekara uku, kuma wanda ya ɓace ba kasafai yake dawowa ba. Ke nan gungun yana rayuwa ne da sabon iri, kowace shekarar da aka rasa kwanso giɓi ce.

Ƙirga

Ku jeru a layi, tazarar mita 5 tsakanin mutum da mutum inda ciyawa ta yi kauri, mita 10 inda ta yi sauƙi, ku tafi a hankali da gudu ɗaya. Na gefe yana kafa tuta a iyakar layin don kada a maimaita wuri. Kowane tsiro a rubuta shi cikin ɗayan huɗu: mai fure, mai ganye kawai, wanda tohon furensa ya lalace, da wanda aka cinye kansa. Barewa da shanu suna yanke kan a tsinke. Raɓar da ta daskare a ƙarshen bazara kuwa tana barin toho baƙi a bushe a jikin kara. Bambanta su yana da amfani, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ga samfurin tsirrai 20 zuwa 30, auna tsayi, ƙirga furanni, ka sa alamar ƙarfe a ƙasa taku ɗaya arewa da kowanne, kullum arewa, don wanda zai zo bayanka ya san inda zai duba. Kar a soka komai dab da gindi. A kwashe tutoci bayan aiki, shanu na zuwa shinshinar su. Dawo a ƙarshen Agusta ka ƙirga kwanso: wanda ya ɗauka yana kumbura ya tsaya a miƙe, wanda bai ɗauka ba ya yanƙwane. Raba yawan kwanso da yawan furanni ka sami kason da ya yi iri.

Rubuta ruwa kowace ziyara. Hanya mai arha ita ce bututun roba mai ƙananan huji a binne kamar mita ɗaya a gefen gungun, ana zura ma'auni a karanta zurfin ruwan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da shekara guda. A Manitoba an taɓa ƙirga masu fure ƙasa da 2,000 a wata shekara, a wata kuma fiye da 20,000, a filayen nan dai. Filin da ba a ga komai ba a shekarar fari ba za a ce babu ba sai an duba shi shekara uku ko fiye, da mai ruwa a ciki.

Kula da filin

Bar shi ba tare da taɓawa ba ma hanyar rasa shi ce. Wannan ƙasa da wuta da ɓaunan Amurka ta saba. In babu su, busasshiyar ciyawa ta taru ta danne toho, itatuwan wilo da makamantansu su rufe rana. Abin da ke raba gyara da ɓarna shi ne lokaci.

Wuta: a ƙona kafin tsiron ya ɓullo, wato farkon bazarar can, ko kuma bayan iri ya zube a kaka. Wutar da aka sa a ƙarshen Mayu, bayan kara ya tashi, ta cinye furen shekarar. Kar a ƙona fiye da kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na filin a shekara guda, domin ƙwarin da ake buƙata suna kwance a ƙasa da cikin ciyawa. A shekarar fari a ɗage ƙonan, busasshiyar ciyawar ce ke riƙe ɗan laimar da ta rage.

Yankan ingirici: manoman yankin sun saba yanka a Yuli, daidai tsakiyar fure. Kwanso sai Satumba yake nuna ya fashe, don haka a jinkirta zuwa tsakiyar Satumba, ko a zagaye gungun a bar shi tsaye. Haka ma masu yanke ciyawar bakin titi.

Kiwo: kaɗan yana buɗe ciyawa, da yawa yana tattake kara. A fitar da shanu daga kwarin daga Yuni har iri ya zube, ko a kewaye gungun da wayar lantarki ta wucin gadi. Kar a ajiye gishiri ko kwamin ruwa kusa.

Baƙin ciyayi: mafi muni a Dakota ita ce Euphorbia esula, mai farin ƙaro idan an karya ta, mai saiwa zurfi, wadda shanu ke ƙi amma awaki da tumaki ke ci. Ana yaƙar ta da awaki, da ƙananan buzuzu na dangin Aphthona, da magani. In za a yi feshi, a bi ta tsiro-tsiro bayan okid ya bushe, ba feshin gaba ɗaya ba. Phalaris arundinacea kuma tana shigowa inda taki ya gangaro daga gona.

Ruwa ya fi duka, kuma shi ne wanda ba a iya gyarawa da hannu. Sabuwar magudana, bututun tsane gona da aka binne a maƙwabta, rijiyar ban-ruwa ko kwalbatin da aka sauya wa zurfi na iya busar da kwarin ko su nutsar da shi, alhali ba wanda ya taka filin. Alamar farko ita ce ciyayin tudu sun fara gangarowa inda Carex take.

Matsayinsa a doka

Amurka ta sa shi cikin jerin masu fuskantar barazana a 1989 ƙarƙashin dokar kare halittu ta 1973, aka fitar da shirin farfaɗo da shi a 1996. Kanada ta ɗauke shi a matakin da ya fi wannan tsanani, na masu haɗarin ƙarewa, a dokar tarayya da ta lardin Manitoba, haka ma IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. Kamar sauran okid, yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, don haka tsallake iyaka da shi, ko da busasshe ne, sai da takarda.

Dokar Amurka tana hana cire shi ko lalata shi a filin gwamnatin tarayya, kuma duk aikin da ke da kuɗi ko izinin tarayya sai an tuntuɓi hukumar kifi da namun daji. A filin mutum kuwa kariyar tsiro ba ta kai ta dabba ba, ta dogara ne da dokar jiha. Don haka yawancin abin da ake samu a can ta hanyar lallashi ne da yarjejeniya da mai fili, musamman kan ranar yanka.

Idan ka ci karo da shi a wurin da ba a san da shi ba, ɗauki hoto uku: tsiron gaba ɗaya da ciyayin kewaye, fure daga gefe da rula don bututu, da fure daga gaba don faifan danƙo. Rubuta rana, lambobin GPS, yawan tsirrai da yanayin ruwa, ka aika wa sashen adana bayanan halittu na jihar ko na lardin. Manhajar iNaturalist, inda ake ɗora hotunan tsirrai da dabbobi, tana ɓoye ainihin wurin irin waɗannan tsirrai da kanta, amma hoton da ka ɗora a Facebook ko ka tura wa wani kai tsaye na iya nuna wurin ta allon titi ko wani gini da ya fito a baya, ko ta bayanan da waya ke liƙa wa hoto. Kashe alamar wuri a kyamara kafin ka raba, kuma a rubutu ka tsaya ga sunan gunduma.